Takardar kama aiki a hannu, albashi shiru

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta a Fagge lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata ya ga yadda matasa ke cincirindo, kowa da ambulan ɗinsa. Ana fitar da sunaye kuma sai guna-guni ya tashi: wane ɗan wane ne, wance da hanya ta shiga. Kaɗan ne ke sanin cewa wannan ƙorafi yana da kotunsa.

A 2023 Kano ta ga irin wannan dambarwa. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dakatar da albashin ma'aikata sama da dubu goma da gwamnatin Ganduje ta ɗauka dab da saukarta, ta kafa kwamitin tantancewa. A watan Nuwamba aka mayar da 9,332, aka sallami 3,234. Wasu an ce ba su cancanta ba, amma a cikinsu akwai wanda laifinsa kawai shi ne lokacin da takardarsa ta fito.

Rigimar aiki ba a kai ta gaban alƙalin unguwa. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya damƙa ta ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana zama a Kano. Sai dai akwai tarko: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, lauyoyin gwamnati kuwa da ita suke fara kare kansu. Mai jiran wani babba ya sa baki, sau da yawa kafin ya farga lokaci ya ƙure. Ita kotu ba ta jin "an ce"; sanarwar neman ma'aikata, sakamakon jarrabawa da takardar kama aiki take son gani.

A Sabon Gari matsalar ta fi sarƙaƙiya. Yaron da aka haifa a Titin France, wanda kakansa ya zo Kano zamanin da jirgin ƙasa ya iso, sai a ce ya kawo shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali, sashe na 14(3) kuma ya ce a raba muƙamai tsakanin jihohi, aikin da aka kafa Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai dominsa a 1996. Tsakanin sassan nan biyu yaron yake tsaye, har ya hau mota zuwa garin kakansa neman sa hannun wani shugaban ƙaramar hukuma da bai taɓa ganinsa ba.