Filinge: Yadda Kwamfuta Ke Cinye Ƙugiyar Haruffan Hausa

A Filinge, babban garin ƙasar Kurfai da ke jihar Tilaberi, Hausa muke ji a kasuwa da gida, amma allon rubutun kwamfutar ofis na Faransanci ne, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a kansa. Magatakarda kan so rubuta "ƙafa" ya ƙare da "kafa", wanda ya yi dabara kuwa takardarsa ta isa Yamai cike da 'yan akwatuna.

Masu haɗa manhaja kan bi sawun matsalar a wuri uku. Na farko allon rubutu, wanda manhajar Keyman ke ƙara masa haruffan. Na biyu zanen haruffa: idan akwati ya bayyana, rubutun na nan lafiya, zanen ne ba shi da harafin, sai a koma Charis SIL. Na uku ajiyar fayil: idan alamar tambaya ta maye gurbin harafi, ba da tsarin Unicode aka adana ba, kuma harafin ya tafi ke nan.

Tun 1999 gwamnatin Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Mu dai a ganinmu, bai kamata na'ura ta rushe ta ba.