Musun Bayan Wasa: Tashen Ɗan Ƙwallo da Lafiyar Jikinsa

A Kazaure, in alƙalin wasa ya busa tashi aka kashe janareton gidan kallo, ba gida ake nufa ba. Teburin mai shayi ake komawa a buɗe sabon zama, wanda sau da yawa ya fi wasan kansa tsawo. Daren Talata da Laraba, lokacin gasar Zakarun Turai, sai sha ɗaya ta gota ana cacar baki. Haka abin yake a Roni da Gwiwa, haka yake a Babura can wajen iyakar Nijar. Ga 'yan Arsenal da Chelsea da Manchester United, ga 'yan Madrid da Barcelona, ga kuma 'yan Sai Masu Gida, waɗanda kan bi titin Daura su shiga Kano don su ga Pillars da idonsu a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata.

Da wuya a daɗe kan sakamakon wasan. Nan da nan za a tsame mutum ɗaya daga cikin sha ɗayan nan a ɗora shi a faifai.

"Malam, yaron nan ya ƙare. A sayar da shi kawai a huta."

"Haba Yaya, ba ka ga tun da aka dawo hutun rabin lokaci yake dafe cinya ba?"

"Wace cinya? Kuɗi ne suka yi masa yawa."

Duk su biyun wasa ɗaya suka kalla, amma ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Na farko yana yanke hukunci ne kan ƙwarewar ɗan wasan, alhali abin da ya gani raguwar tashensa ne. Na biyu ya hango jiki. Ƙwarewa abu ce da ake ginawa shekara da shekaru, ba ta gushewa a wata guda. Tashe yana zuwa ya tafi ya dawo. Ƙoshin jiki kuwa yana da ƙa'idojinsa da likitoci ke iya aunawa, kuma shi ne mai kallo ya fi jahilta, domin talabijin ba ya nuna shi.

Abin da ake kira tashe, kaso mai yawa daga cikinsa sa'a ce, kuma lissafi ne ya nuna haka. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai rowar ci. A manyan gasannin Turai, in aka raba ƙwallayen da aka zura da yawan wasannin da aka buga, abin yakan tsaya kusan 3 a kowane wasa, na ƙungiyoyin biyu a haɗe. A cikin hari 10 da ake kaiwa raga, kusan 1 ne ke shiga. Ko bugun daga kai sai mai tsaron gida, kusan 1 cikin 4 ana ɓarar da shi. Ɗan wasan gaban da ya ci ƙwallo 20 a wasa 38 na Firimiya gwarzo ne a kowace shekara, amma ko da a ce bai taɓa cin biyu a rana ɗaya ba, ya fita fili sau 18 ke nan bai ci komai ba. To tunda haka ne, don ya jera wasa huɗu ko biyar bai ga raga ba, ba wani abu ne ya same shi ba. Haka wasan ya gada. Ƙwallon da ta daki turke ta fita yau, ita ce za ta daki turke ta shiga mako mai zuwa, a wayi gari ana cewa ya dawo.

Shi ya sa masu horarwa ba ƙwallayen da aka ci kaɗai suke ƙirgawa ba. Suna duba sau nawa ɗan wasa ya isa wurin da ake cin ƙwallo, sau nawa ya kai hari, kuma daga ina. Wanda ke samun dama yana ɓarar da ita bai cika tayar musu da hankali ba. Wanda ya daina isa wurin damar gaba ɗaya, shi ne abin bincike, don a nan ake zargin ko dai jiki, ko tsarin koci, ko wata damuwa da ke cin zuciyarsa.

Ba mu da misalin da ya kai na Ahmed Musa kusa da mu. A kakar 2009/2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar Najeriya. A 2014 ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya. A 2016 Leicester City ta saye shi daga CSKA Moscow, sai abin ya ƙi: ƙwallo 2 kacal ya ci mata a Firimiya, benci ya zama wurin zamansa. Duk wanda ya zauna a majalisar 'yan ƙwallo a lokacin ya ji ana cewa ya ƙare. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, ya samu yana buga wasa a kai a kai, ranar 22 ga Yunin shekarar kuma ya ci Iceland biyu a Volgograd. Ƙafar ba ta canza ba tsakanin Ingila da Rasha. Abin da ya canza shi ne ya samu minti a fili da kocin da ya yarda da shi.

Sai jiki. Ɗan wasan da ba gola ba yakan ci tafiyar kilomita 10 zuwa 12 a minti 90. Mafi yawanta tafiya ce da sassarfa. Abin da ke cinye shi shi ne gudun fanfalaƙi na 'yan daƙiƙoƙi, da tsayawa cak, da juyawa, da tsalle, ana maimaitawa ba adadi. Makamashin wannan aiki wani nau'in sukari ne da ake kira gilaikojin, wanda jiki ke haɗawa daga tuwo da shinkafa da taliya da fura ya taskance a tsoka da hanta. Kamar rumbu yake: ana ɗiba ba a zubawa har a tashi wasa, kuma kafin ya sake cika sai an kwana biyu zuwa uku ana ci ana hutawa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwallaye suka fi shiga a minti 15 na ƙarshe fiye da kowane ɓangare na wasa. Ƙafa ta yi nauyi, hankali ya rarrabu, mai tsaron baya ya makara da taku ɗaya. Ƙungiyar da ta buga Laraba ta sake bugawa Asabar, da ragowar gajiya take shiga fili. Yawaitar wasanni a lokacin annobar korona ce ta sa aka ƙara canji daga uku zuwa biyar a 2020, aka kuma tabbatar da dokar a 2022.

Raunin da ya fi addabar 'yan ƙwallo shi ne yagewar tsokar bayan cinya, kuma a kan gajiyayyen mai gudu ta fi faɗawa. Muguntarta ita ce zafin kan tafi kafin tsokar ta gama haɗewa, mutum ya ɗauka ya warke, ya koma fili, ta sake yagewa a wuri ɗaya. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi wannan muni, don takan kai ga tiyata da jinyar wata 6 zuwa 9, wani lokaci har shekara. Ko bayan likita ya sallami mutum, da saura. Warkewa daban, iya jure wasa daban. Atisaye ba ya ba jiki irin wahalar da wasan gaske ke ba shi. Don haka in ka ga koci ya saka gwaninka saura minti 20 a tashi bayan doguwar jinya, ba ƙiyayya ba ce, tattalinsa yake yi. Wanda aka yi wa haƙuri yakan biya. Victor Osimhen ya karye ƙasusuwan fuska a wasan Napoli da Inter a Nuwamban 2021, ya dawo da takunkumin kariya a fuska, a kakar 2022/2023 ya ci ƙwallo 26, Napoli ta ɗauki kofin gasar lig ta Italiya da rabonta da shi tun 1990.

Musun bayan wasa ba namu ne mu kaɗai ba. A Ostareliya suna da tasu ƙwallon, doguwa ba zagayayya ba, wadda aka rubuta dokokinta a Melbourne a 1859, mutum 18 a kowane ɓangare, ana kamawa da hannu ana bugawa da ƙafa. Su ma da an tashi, zancen ke nan: wane ya yi sanyi, wane yana ɗingishi. Bambancin shi ne a can duk mako ana fitar da jerin masu rauni na kowace ƙungiya, da abin da ke damun kowa, da ƙiyasin makonnin da zai yi. Mai musu yana da abin kafa hujja. A gasarmu ta gida, sai dai a nemi ɗan wasa a rasa, ko a gan shi yana jan ƙafa, kowa ya yi nasa hasashen. Kuma akwai wahalar da ba mai ƙirga masa. Daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, yawanci a mota, gwiwa a lanƙwashe wuni guda. A Maris ɗin 2015, kan hanyar zuwa Owerri, 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta, 'yan wasa suka ji rauni. Wanda ya san wannan, in ya ga Rabi'u Ali Pele ya haura shekara 40 yana taka wa Pillars leda, zai san ba baiwa kaɗai ta kai shi nan ba, da kiyaye jiki.

Inda abin ya fi damuna shi ne filin unguwa, domin mutanen da ke musun daren Laraba su ne masu ƙungiyoyin da ke karawa da la'asar a filayen makarantu. Su ne koci, su ne masu sayen riga, su ne 'yan kallo. Bakin da ya saba kiran ɗan wasan Turai rago, shi zai kira yaron unguwa rago in ya ɗaga hannu yana neman canji. Ɗan Turai ba ya ji. Yaron yana ji, kuma zai cije ya ci gaba.

Alhali yanayin da yake wasa a ciki ya fi na Turai tsanani. A Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40. Mai gudu a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa guda, kuma da zarar ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, gudu da tunani duk sun fara raguwa. Ko a gasar kofin duniya sai da aka tsayar da wasan Holan da Meziko a Fortaleza a 2014 don a sha ruwa a huce. A Afrilun 2021 an ɗan dakata a wasan Leicester da Crystal Palace don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su buɗe baki. Mu da masu azumi suka fi yawa a cikinmu, mun fi kowa bukatar mayar da wasannin watan Ramadan bayan an sha ruwa. Ga ƙasar Kazaure da Roni mai tauri da tsakuwa, wadda ke cin idon sawu da gwiwa. Ga zazzaɓin cizon sauro da damina, wanda ke rage jini, ya bar yaro yana haki makonni bayan ya tashi.

A nan ne wasu ke faɗawa hannun tiramadol. Ƙwayar ba ta gyara tsokar da ta yage; zafin take ɓoyewa, shi kuwa zafi shi ne ke hana mutum ƙarasa ɓarnar. Tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, tana kuma iya jawo jijjiga in an sha da yawa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Masu ɗori kuma suna da gurbinsu da mutuncinsu a garuruwanmu, amma gwiwar da ta kumbura nan take bayan an ji ƙara a cikinta, ko wadda ke gocewa in an taka, ba ta murza ba ce. Asibiti take bukata.

Akwai gajiyar da ba gajiya ba ce. Ranar 12 ga Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu haka a Lyon a Yunin 2003. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a Maris ɗin 2020, a wasa da Katsina United. Dukkansu matasa ne da kowa zai rantse lafiyarsu ƙalau. Nwankwo Kanu kuwa gwajin likitocin Inter Milan ne ya gano matsalar zuciyarsa a 1996, 'yan makonni bayan ya ɗauki zinaren Olamfik a Atlanta. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana wasa a Arsenal. Christian Eriksen na Denmark zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar fili a Yunin 2021, aka danna ƙirjinsa aka jona masa na'urar farfaɗo da zuciya nan take, a Fabrairun 2022 ya koma wasa.

Saboda haka yaron da ke kukan ciwon ƙirji in yana gudu, ko jiri, ko wanda ya taɓa suma a fili, ko wanda a gidansu an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi, a fitar da shi a kai shi a duba zuciyarsa kafin ya sake saka takalmi. Wanda aka buge a ka ya rikice, ko da ya ce ya ware, ya gama wasan ranar. In kuwa ɗan wasa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi yadda ya kamata, kada a yi masa rumfa, kada a ɗura masa ruwa a baki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa, mutum ɗaya ya ɗora tafin hannu bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa ya riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya ruga neman mota. In mai dannawa ya gaji wani ya karɓa, kada a tsaya, ko a cikin motar, har a danƙa shi hannun ma'aikatan asibiti.