Ƙwannafi da ƙin karɓar abinci bayan tiyatar rage ƙiba

Tiyatar rage ƙiba ta daina zama labarin Turawa kawai. Cikin mutanenmu na nan Kudu akwai alhazai da hajiyoyi da ciwon suga, hawan jini ko ciwon gwiwa ya matsa wa lamba har likita ya ce sai an rage musu tumbi. Wasu a Legas aka yi musu, wasu sun je Indiya, Masar ko Turkiyya. Nauyi kam yana sauka, amma koke biyu ake yawan ji bayan an dawo gida: ƙwannafi mai ƙona ƙirji har tsakar dare, da kuma abincin da mutum ya saba ci tun yana yaro ya ƙi zama a cikinsa. Duk biyun suna da dalili, kuma babban rabon sauƙinsu yana wajen yadda ake cin abincin ne.

Me aka yi wa tumbin?

Iri biyu aka fi yi. Na farko likitoci suna ce masa silib. A nan ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri mai kama da ayaba. Na biyu shi ne baifas, inda ake ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya kauce wa sauran tumbin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka ya ga an farke sa ya san tumbinsa ɗaki huɗu ne, ga shi kuma yana dawo da ciyawa baki ya yi tuƙa. Ɗan Adam ɗaki ɗaya Allah ya ba shi, shi ne rumbu shi ne turmi. To idan aka rage wannan ɗakin, rumbu ya ƙanƙance, turmi ma ya ƙanƙance. Aikin daka da tumbi yake yi a da, yanzu ya dawo kan haƙora.

Daga ina ƙwannafin yake zuwa?

A inda maƙoshi ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe. Tana buɗewa abinci ya wuce, ta rufe don kar ruwan tsamin tumbi ya hauro. Bayan silib tumbin ya zama matsattse kuma ba ya miƙewa kamar da, saboda haka loma kaɗan ta isa ta cika shi. Idan aka ƙara a kai, sai matsin ya tura zoben nan, ruwan tsami ya haura. Shi ne zafin ƙirjin, da ɗaci a baki, da gyatsa mai tsami, wani lokaci har da tarin dare da dushewar murya da safe. Wasu kuma saman tumbinsu ne yake zamewa ya shige wajen ƙirji ta ramin da maƙoshi yake bi, wannan ma yana sa zoben ya kasa rufewa da kyau.

Shi ya sa ƙwannafi ya fi damun masu silib. Baifas yawanci rage shi yake yi, har ma idan na mai silib ya gagari magani, likitoci kan mayar da aikin ya zama baifas.

Cikin da aka yi wa aiki kamar na jariri ne

Kowane asibiti da tsarinsa, amma yawanci kamar mako biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai, irin romo da aka tace da kunu marar kauri. Sai a koma markaɗaɗɗen abinci, sannan mai laushi irin dafaffen kifi, ƙwai, alala da faten dankali. Sai wajen mako shida zuwa takwas ake fara taɓa abincin gida. Tsallake mataki kasada ne, domin ɗinkin bai gama warkewa ba.

Ko bayan an warke, akwai abincin da suka yi suna wajen tsayawa a ƙirji. Na gaba shi ne jan nama busasshe. Tsire, balangu da kilishi duk an ƙone musu ruwa, zarensu yana da tauri, ballantana naman tsohon sa ko wajen jijiya. Wanda ke son nama ya fara da kifi da kaza, sannan naman da aka dafa a romo har ya yi luguf, ko wanda aka niƙa. A yanka shi ƙanana, a gicciye zaren kada a bi tsawonsa.

Sai kuma wanda ya fi shafarmu: tuwo, teba, sakwara da amala. Ai mu ba ma tauna su, a yanko loma a dangwali miya a haɗiye. Lomar da babban tumbi zai karɓa ba gardama, a ƙaramin tumbi sai ta tsaya kamar dutse, yawu ya riƙa taruwa a baki, daga nan sai amai. Burodin Agege mai laushi shi ma dunƙulewa yake yi ya zama curi, shinkafa da taliya kuma cika wuri suke yi da wuri. Ba wai an haramta su har abada ba ne. A rage lomar ta koma kamar kan ɗan yatsa, a yawaita miya, a tauna. Abin da ciki ya ƙi yau, a bar shi a sake gwadawa bayan 'yan makonni, sau da yawa sai ka ga ya karɓa.

Zaƙi kuma nasa daban ne, musamman ga masu baifas. Lemon kwalba, shayi mai kaurin madara da sukari, zoɓo ko fura da nono da aka zuba wa sukari suna zarcewa hanji a guje. Cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, jiri, bugun zuciya, murɗawar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sugan jininsa ya faɗi, jiki ya hau rawa. Akwai ma waɗanda madarar da suke sha lafiya a da take koma sa musu kumburin ciki.

Yadda ake zama lafiya da shi

Ka ci kaɗan-kaɗan, a ƙaramin faranti, ka ba abincin minti 20 zuwa 30. Ka tauna kowace loma har ta zama kamar kunu. Da ka ji alamar cika, ko shaƙuwa ta taso, ka tsame hannu ko da saura. A gidan biki ko wajen cin abinci a kwano ɗaya, ka ɗebi naka gefe, don saurin hannun jama'a zai ja ka.

Kar ka haɗa ci da sha. Ka bar kamar minti 30 tsakaninsu. Ruwa kuwa ana so a sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, amma kurɓi-kurɓi, ba a ɗaga kai a shanye ba.

Ka fara da abin gina jiki kafin tuwo ko shinkafa. Likitoci suna neman kamar giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, ka ga ba wurin ɓatawa.

Ka lura da abin da ke tayar maka da ƙwannafi. Yaji, attaruhu, miyar tumatir mai tsami, soye-soye, kofi da goro su ne aka fi zargi, amma kowa da nasa. Duk abin sha mai gas ka rabu da shi, taba sigari kuma ba ma a maganarta.

Babbar matsalar 'yan kasuwa ita ce cin dare. Mutum ya wuni a kara ko a shago bai ci komai ba, ya dawo ƙarfe tara ya ci mai nauyi ya kwanta. Ka bar awa uku tsakanin cin ƙarshe da kwanciya. Ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20, domin tara filo wuya kawai yake lanƙwasawa. Kwanciya ta gefen hagu ma tana rage haurowar ruwan. Batun azumi kuwa, likitoci da yawa suna ba da shawarar a jinkirta a shekarar farko, don haka a tuntuɓi likita da malami kafin watan ya kama.

Magani da abin da za a guje wa

Yawanci ana sallamar mutum da maganin rage ruwan tsami irin su omeprazole. Yana aiki sosai ne idan an sha kamar rabin awa kafin karin kumallo. Kar ka daina da kanka don ka ji sauƙi.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da haɗin nan da ake ƙullawa a kemis ko masu talla suke yawo da shi a tasha, suna iya haddasa olsa a wurin ɗinkin, musamman ga mai baifas. Ko asfirin ma sai likita ya ce. Jiƙon kanwa da ake sha don ƙwannafi shi ma a bar shi, iska yake tarawa a tumbin da ba shi da wurin ajiye ta. Ƙwayoyin bitamin da aka rubuta maka kuwa, su B12, sinadarin ƙarfe na ƙarin jini da kalsiyam, na dindindin ne.

Lokacin da ba a jira

A garzaya asibiti idan aka ga amai da jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ruwa ma ya ƙi wucewa. Haka nan zazzaɓi da bugun zuciya da sauri da ciwon ciki mai tsanani a makonnin farko, domin ɗinki na iya yoyo. Amai na kwanaki a jere shi ma ba na haƙuri ba ne, yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, abin da kan taɓa ƙwaƙwalwa da ƙafafu. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko haɗe da gumi da ƙarancin numfashi, kar a ce ƙwannafi ne, yana iya zama zuciya.

Ƙwannafin da ya daɗe ba ya jin magani yana cinye fatar maƙoshi a hankali, saboda haka ana buƙatar a zura ɗan bututu mai kyamara a duba. Wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje ya adana takardun sallamarsa, ya san sunan irin aikin da aka yi masa, ya nemi likitan ciki a asibitin koyarwa mafi kusa da shi tun kafin matsala ta zo.

Mu kuma 'yan gida, mu daina "haba Alhaji, ɗan ƙara mana", da cewa Hajiya ta raina girkinmu. Cokali biyar ɗin nan da kuka gani shi ne cikinta. Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.