Abin da ɗaliban kwamfuta da injiniyanci ke karantawa a manyan azuzuwa a Yelwa

A Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Yelwa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, digirin injiniya shekara biyar ne. Shekarun farko na shimfiɗa ne, lissafi da fiziks da zane. Daga aji uku kowa ke kama fanninsa. Mai karatun kwamfuta sai ya shiga tsara bayanai, da manhajar da ke tafiyar da na'ura, da yadda kwamfutoci ke sadarwa.

Rabin aji huɗu a wajen makaranta ake yin sa. Ɗalibi kan tafi SIWES, horon wata shida a kamfani ko ma'aikata, shirin da hukumar ITF ta ɓullo da shi a shekarun 1970. Wanda aka sa aiki da hannunsa yakan dawo da bambanci. Wanda ya ƙare a cika littafin rahoto kuwa, a aikin kammalawa na aji biyar asirinsa ke tonuwa.

Cikin waɗannan ɗalibai, masu burin ƙirƙirar wasannin kwamfuta, darussan da suka fi gudu su ne jarinsu. Lissafi ke motsa hoto a fuskar waya, fiziks ke sa ƙwallo ta faɗi daidai, manhaja irin Unity haɗa su kawai take yi.