Idan Kotu Ta Kira Hukuma Shaida a Shari'ar da Ba Tata Ba

A shekarar 1934 kotu a Amurka ta yanke wa Roger Touhy, wani ƙasurgumin ɗan fasa-ƙwaurin giya na birnin Chicago, ɗaurin shekara 99 bisa laifin yin garkuwa da mutum. Touhy ya dage cewa sharri aka ƙulla masa. Daga gidan yari ya kai ƙarar shugaban gidan, Joseph Ragen, lauyansa kuma ya sa aka aika wa George McSwain, shugaban ofishin hukumar FBI na Chicago, sammaci ya kawo takardun binciken da ke hannunsu.

McSwain ya halarci kotun, amma ya ƙi miƙa takardun, domin umarnin Antoni Janar ya hana kowane ma'aikaci fitar da su sai da izini daga sama. Alƙali ya same shi da laifin raina kotu. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1951 kuma ta wanke shi. Dalilinta shi ne shugaban ma'aikata yana da ikon riƙe wannan shawara a hannunsa, don haka ba a hukunta na ƙasa don ya bi umarni.

Daga wannan hukunci ne hukumomin tarayyar Amurka suka tsara abin da lauyoyi ke kira ƙa'idojin Touhy. Ma'aikacin da sammaci ya iso teburinsa a shari'ar da hukumarsa ba ta ciki, ba ya amsawa da kansa, ba ya kuma jefa shi cikin aljihun tebur. Lauyoyin hukuma yake miƙa wa nan take. Su kuma sai su nemi mai ƙara ya rubuto abin da yake so a shaida da alaƙarsa da shari'ar. Sannan su auna: shin bayanin sirri ne, zai ɓata binciken da ake kan yi, zai tona asirin mai tsegunta labari, ko kuwa zai cinye lokacin aikin jama'a? Amsar takan zo iri uku: a yarda, a ƙi, ko a yarda da sharaɗi. Idan ranar zama ta riski ma'aikacin kafin a yanke shawara, yakan je kotu da kwafin ƙa'idar ya nemi a ɗaga masa ƙafa.

Hukumar binciken haɗurran sufuri, NTSB, ta fi kowa nuna amfanin tsarin. Duk jirgin saman da ya faɗi, ƙararrakin neman diyya na biye da shi. Da za a bar kowane lauya ya ja masu bincike zuwa kotu, da ba wanda zai rage a wurin tarkacen. Saboda haka mai bincike yana ba da shaida a kan bayanan da ya tattara a binciken ne kawai, a rubuce ko a zaman ɗaukar bayani a wajen kotu, kuma doka ta hana amfani da rahoton hukumar kan musabbabin haɗarin a shari'ar diyya.

Sai dai wannan kariya tana da iyaka, kuma ya kamata a ce tana da ita, domin wani lokaci haƙƙin mai ƙara yana kwance ne a cikin fayil ɗin gwamnati. A 1958 majalisar dokokin Amurka ta gyara tsohuwar dokar 1789 da ƙa'idojin suka jingina da ita, ta bayyana cewa ba ta ba da izinin ɓoye wa jama'a bayani ba. Bayan malalar man jirgin ruwan Exxon Valdez a Alaska a 1989, kamfanin Exxon ya nemi shaidar wasu ma'aikatan gwamnati, hukumominsu suka hana. A 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce alƙali ne zai auna buƙatar shaidar da nauyin da za ta ɗora wa hukuma, kamar yadda yake yi wa kowane mai shaida. Wasu kotunan ɗaukaka ƙarar sun fi sassauta wa hukumomi, amma a can ma wanda aka hana yana iya kai ƙara a ƙarƙashin dokar tsarin gudanarwa ta 1946, kuma dole hukumar ta kawo dalilin da zai gamsar da alƙali.