Ɗan Ƙaramin Kan Jirgin da Ya Fara Aiki a Arewa

Jama'a, kan jirgin ƙasan da ya fara tafiya a Arewacin Nijeriya ba wani ƙato ba ne. Ɗan ƙarami ne. Ba a Kano ya fara aiki ba, ba kuma a Kaduna ba. A Wushishi ne, cikin Jihar Neja ta yanzu.

Ga yadda abin ya faru. Gwamna Lugga ya zaɓi Zungeru ta zama hedkwatar mulkin Turawa a Arewa. Kayan gini kuwa ta ruwa suke zuwa. Jiragen ruwa su biyo Kwara, su shiga kogin Kaduna, su sauke kaya a wajejen Wushishi. Daga nan sai 'yan dako su ɗauka a ka. Siminti da katako da kwanon rufi ba kayan ɗauka a ka ba ne, balle a tafiyar mil 12. Don haka aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo a 1901. A 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko, inda jiragen ruwa suka fi samun isowa.

Wani kamfani mai suna Hunslet a Ingila shi ya ƙera kan jirgin. Faɗin layinsa ƙafa 2 da rabi ne kawai. Babban layin da ya tashi daga Legas zuwa Kano ƙafa 3 da rabi ne. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

To, da me yake tafiya? Da wuta da ruwa. Kun ga yadda murfin tukunya yake rawa idan ruwa ya tafasa? Tururi ne ke tura shi. Jikin kan jirgin nan doguwar tukunyar ƙarfe ce a kwance. Ana hura wuta a bayanta da itace ko kwal. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya rasa hanyar fita. Direba ya buɗe masa hanya, sai ya tura wani ƙarfe gaba da baya. Ƙarfen nan shi ke juya ƙafafun jirgin. Manyan ƙafafu 6 ne ke ja, ƙanana 2 a baya suna tallafe da nauyi.

Manyan kawunan jirgi suna jan tarago na musamman don ruwa da kwal. Wannan ba ya ja. Ruwansa na cikin tanki a jikinsa, makamashinsa na bayan direba. Kamar matafiyi ne mai goran ruwa a kafaɗa. Amfanin haka shi ne yana tafiya gaba, yana tafiya da baya, ba sai an juya shi ba. Illarsa kuwa, goran ba shi da girma. Dole ya riƙa tsayawa shan ruwa.

Aikinsa ba na rago ba ne. Tun da asuba ake hura wuta, domin tukunya mai sanyi takan ɗauki sa'o'i kafin ta yi tururi. A kwashe toka, a zuba mai a gaɓoɓin ƙarfe. Mutum biyu ne a ciki, direba da mai zuba wuta. Idonsu kullum na kan wani ɗan gilashi mai nuna yawan ruwan tukunya. Idan ruwa ya yi ƙasa alhali wuta na ci, ƙarfe zai yi laushi, tukunya na iya fashewa ta hallaka su. A ganina mai zuba wutan nan ya fi kowa shan wahala. Ga zafin rana, ga zafin murhu.

Bai daɗe a Wushishi ba. Babban layi ya isa Kano a 1911, ƙaramin layin ya rasa amfani. Aka cire shi, aka kai kayansa Zariya. A lokacin ana haƙar kuza a ƙasar Jos, kuma a ka ake fito da ita. Aka gina wani siririn layi daga Zariya, ya isa Bukuru a 1914. Ɗan kan jirgin ya sami sabon aiki a can. Siririn layi ya fi arha, ya kuma fi iya bin kwana-kwana a tsakanin duwatsu.

Amma ƙanƙantar da ta ba shi aiki ita ta raba shi da aiki. Taragon ƙaramin layi ba ya hawa babban layi. Duk kayan da suka iso Zariya sai an sauke su an sake lodi. A 1927 babban layi ya isa Jos ta Kafanchan, kuza ta koma bin can. Ƙaramin layin ya ci gaba da lallaɓawa har aka rufe shi a 1957.

Shi dai kan jirgi mai lamba 1 ya tsira, ba a yanka shi an sayar da ƙarfensa ba. An kai shi tashar jirgin ƙasa ta Minna, aka ajiye shi a matsayin kayan tarihi.