Likita Ma Yakan Manta: Abin Lura Daga Hadisin Zul-Yadaini

 

Akwai wani hadisi wanda kowane almajiri yakan ci karo da shi idan ya iso babin rafkanwa a cikin salla, watau babin ƙabli da ba'adi. Abu Huraira (R.A.) ne ya ruwaito shi, kuma Imamu Malik da Buhari da Muslim duk sun fitar da shi. Wata rana Manzon Allah (S.A.W.) ya ja jama'a ɗaya daga cikin sallolin nan biyu, Azahar ko La'asar, sai ya sallame bayan raka'a biyu. Masu gaggawa suka fice daga masallaci suna cewa an rage salla. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suna cikin jama'ar, amma kwarjini ya hana su magana. Sai wani mutum da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini, saboda tsawon hannuwansa, ya tambaya cikin ladabi, shin an rage sallar ne ko kuwa mantuwa aka yi. Da aka amsa masa cewa babu ko ɗaya da ya auku, bai ja bakinsa ya yi shiru ba, sai ya sake cewa lalle ɗayansu ya auku. Sa'an nan Manzon Allah (S.A.W.) ya juya ga jama'a ya tambaye su, suka gaskata mutumin, ya cika abin da ya rage, ya sallame, ya yi sujada biyu.

Malaman fiƙihu sun ciro hukunce-hukunce masu yawa daga wannan hadisi. Mu kuwa abin da ya komo da mu gare shi a wannan mako shi ne sha'anin asibiti, domin babu wani gida daga cikin gidajenmu da bai taɓa kai mara lafiya ya miƙa shi a hannun likitoci ba.

A shekarar 2005, a ƙasar Ingila, aka shiga da wata mata mai shekara 37, uwar 'ya'ya biyu, ɗakin fiɗa domin a yi mata wani ɗan ƙaramin aiki a hanci. Bayan an ba ta maganin sa barci sai numfashinta ya toshe, aka kasa zura mata bututun da ke kai iska huhu. Manyan likitoci uku, kowannensu gwani ne mai shekaru a bakin aiki, suka duƙufa suna ta gwada zura bututun nan, suna sakewa, ba wanda ya lura da yadda lokaci ke shuɗewa, alhali kuwa iska tana ta ƙarewa a jininta. Nas-nas da ke wurin sun gane abin da ake ciki. Ɗaya ta je ta ɗauko kayan da ake huda maƙogwaro da su a irin wannan hali, wata kuma ta je ta nemo gado a ɗakin masu ciwo mai tsanani, suka faɗa, amma ba da irin muryar da za ta tsayar da manya ba, ba a kuwa saurare su ba. Ƙwaƙwalwar matar ta lalace saboda rashin iska, ta rasu bayan kwana 13. Mijinta matuƙin jirgin sama ne, shi ya nace a yi bincike kamar yadda ake yi in jirgi ya faɗi, ba don a hukunta kowa ba, sai don a san dalili.

To, ku dubi wannan al'amari da kyau. Ilmi bai yi ƙaranci a ɗakin nan ba, kayan aiki ma suna nan a ajiye. Abin da aka rasa shi ne ƙaramin da zai maimaita maganarsa sau biyu kamar yadda Zul-Yadaini ya yi, da kuma babban da zai dakata ya juya ya tambayi waɗanda ke bayansa. A ganinmu na biyun ya fi wuya, kuma shi ne asali. Ba a ruwaito cewa an tsawata wa Zul-Yadaini ba, ko an ce masa ina shi ina magana ga Abubakar da Umar a wurin. Duk shugaban da ya taɓa dizga na ƙasa da shi sau ɗaya saboda ya tuna masa wani abu, to, ya rufe bakin ma'aikatansa ke nan na shekaru, ko a asibiti ne ko a ofis ko a kanti.

Masu sufurin jiragen sama sun riga likitoci gane wannan, kuma da rayuka suka sayi darasin. A watan Oktoba na 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a Ohayo ta Amurka jim kaɗan bayan tashinsa, mutum biyu suka mutu. Matuƙin ƙwararre ne ƙwarai, sai dai an manta ba a zare wani makulli da ke riƙe sitiyarin jirgin ba. Ba a ce a ƙara wa matuƙa karatu ba, domin ba jahilci ne ya jawo ba. Abin da aka yi shi ne aka rubuta 'yar gajeriyar takarda mai jerin abubuwan da tilas a duba kafin tashi da kafin sauka, ana karantawa ana tabbatarwa ɗaya bayan ɗaya. Ita ce za mu riƙa kira takardar tuni a wannan maƙala.

Musulmi bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani mai girma, watau aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu, har ta bayyana hikimar samun mai tunatarwa idan ɗaya ya manta. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin abin da ke faruwa tsakanin aminai biyu masu gaskiya idan suka dogara da ƙwaƙwalwa suka bar littafi. Idan an umarce mu da rubutu saboda tsare dukiya, yaya ke nan game da rai?

Wanda ya shahara da shigar da takardar tuni cikin aikin asibiti shi ne wani likita mai suna Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins a Amurka, a shekarar 2001. Akwai wani bututu siriri da akan zura a babbar jijiyar jini ga masu ciwo mai tsanani, wanda in ba a yi hattara ba ƙwayoyin cuta sukan bi ta cikinsa su shiga jini su kashe mutum. Matakan kariya biyar ya rubuta, kuma babu wanda likitoci ba su sani ba tun suna makaranta, kamar wanke hannu, da goge fatar wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da lulluɓe mara lafiya da tsabtataccen ƙyalle. Amma da aka sa ido sai aka tarar ana tsallake wani mataki a lokuta da yawa. Sai hukumar asibitin ta ba nas-nas izini su dakatar da kowane likita, komai girmansa, in ya tsallake. Da aka yaɗa tsarin a ɗakunan masu ciwo mai tsanani guda 103 a jihar Mishigan, rahoton da aka buga a 2006 ya nuna irin wannan cuta ta ragu da kimanin kashi biyu cikin uku.

Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tata takardar ta ɗakin fiɗa a 2008, ƙarƙashin jagorancin likita Atul Gawande. Abubuwa 19 ne a cikinta, kuma sau uku ake tsayawa a karanta su da babbar murya: kafin a sa mara lafiya barci, da kafin a sa wuƙa, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. Ana tabbatar da sunansa, da aikin da za a yi masa, da ɓangaren jikin da za a yanka, dama ne ko hagu. Ana tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ko ana tsoron zai zubar da jini mai yawa domin a tanada, ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. A ƙarshe kuma a ƙirga almakashi da allurai da audugar tsane jini, don kada a ɗinke mutum da wani abu a cikinsa. Akwai wani abu guda a ciki wanda da farko muka ɗauka ƙarami ne, daga baya muka ga ya fi sauran zurfi, shi ne kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara. Wanda aka ba dama ya buɗe baki tun da fari, ya fi kusa da ya sake buɗe shi idan ya ga ɓarna na tafe.

An jarraba wannan takarda a asibitoci takwas, a Toronto da Siyatil da Landan da Okland, da kuma Amman da Niyu Delhi da Manila da Ifakara ta ƙasar Tanzaniya, watau an haɗa masu wadata da marasa wadata. Sakamakon da aka buga a 2009, a kan marasa lafiya fiye da 7,600, ya nuna mutuwa bayan fiɗa ta sauko daga mutum 15 cikin kowane 1,000 zuwa 8, matsaloli masu tsanani kuma daga kashi 11 cikin 100 zuwa kashi 7.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka takardar laya ce. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada gwamnati ta wajabta ta ga asibitoci, sa'an nan aka bincika asibitoci 101, rahoton ya fito a 2014, ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani a yawan mace-mace ba. Masana sun yi ta muhawara a kan dalili. Mu dai ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi ba sai mun yi musu dogon bayani ba, sun san bambancin fayil ɗin da aka karanta da wanda aka sa wa hannu kawai aka tura gaba. Takardar da akawu zai cike bayan an gama aiki don a nuna wa mai duba, ba ta taɓa hana kuskure ba. Mai amfani ita ce wadda babban likita da kansa zai ajiye wuƙa ya tsaya ya saurara ana karanta ta.

Sauran magana ita ce ta ƙaddara, domin nan ne mu Musulmi mukan zame. Da zarar an ce an yi kuskure a asibiti sai ka ji an ce kwanansa ne ya ƙare, a rufe zance. Gaskiya ne ba mai wuce ajalinsa, mun yi imani da wannan. To amma shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce kuma ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Malamai sun rarrabe: gwanin da aka ba izini ya yi aikinsa yadda ya kamata, ba ramuwa a kansa in an mutu, idan hannunsa ya kuskure ya zarce, akwai diyya, kuma mafi yawan malamai sun ɗora ta a kan danginsa na wajen uba, wanda kuwa ya shiga likitanci ba a san shi da ilminsa ba, hadisi ya ɗora masa ramuwa. Yafewa alheri ne, kuma hakkin magada ne, amma yafe diyya dabam, hana bincike dabam. Kuskuren da aka binne tare da mamaci yana nan yana jiran wanda zai kwanta a gadon gobe.

Magabata ba su yi sakaci da wannan ba. A shekarar 931 Miladiyya, da labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren likita, sai ya umarci babban likita Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba likitocin birnin, kada wanda ya ci gaba da aiki sai da takardar izini. Haka nan Ibnul Ukhuwwa, malamin Masar wanda ya yi rubutu a kan aikin hisba, ya rasu a 1329, ya ambata cewa likita ya rubuta maganin da ya ba mara lafiya a kowace rana, ya bar kwafe a hannun danginsa, idan ya mutu su kai takardun ga shugaban likitoci ya duba ko an yi sakaci.

Wannan ya kawo mu ga majinyaci, watau ɗan'uwan da ke kwana a gefen gado, wanda a asibitocinmu shi ke sayo magani, shi ke neman jini, shi ne kuma kaɗai ba ya canjawa idan masu aikin dare suka miƙa wa na safe. Lokacin miƙa aikin nan lokaci ne mai haɗari, a nan bayani yakan zube. Don haka majinyaci yana cikin ayarin masu aikin, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba. Ya sanar da likita duk abin da mara lafiya ke sha a gida, har jiƙo da sassaƙe, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya faɗi maganin da ya taɓa yi masa illa, ya sake faɗa wa duk sabuwar fuskar da ta zo. Ya tuna kuma mu mutane ne masu tarayya a suna, ba abin mamaki ba ne a sami Muhammadu Sani biyu ko Amina uku a ɗaki guda, saboda haka kafin a yi allura ko a ɗaura jini, ya roƙi nas cikin ladabi ta karanta cikakken suna da lambar kati. In ya ga ƙwayar yau ta saɓa da ta jiya a launi ko a yawa, ya tambaya kafin a haɗiye, in ba a ji shi ba ya maimaita. Takardun gwaji da na magani kuwa ya tara su wuri ɗaya, ya zo da su duk ranar da aka ce a komo ganin likita.